Yadda ƙaramar ƙungiyar wasan daɓe ta Jos ta rayu alhali takwarorinta sun watse

A shekarar 1997, lokacin da kusan duk mai sha'awar wasan kwaikwayo a Najeriya ke sauka daga dandamali yana neman gaban kyamara, wani darakta mai suna Patrick-Jude Oteh ya yi akasin haka. Ya kafa ƙaramar ƙungiyar wasan daɓe a birnin Jos, ya raɗa mata suna Jos Repertory Theatre.

A wancan lokaci babu alamar cewa abin zai yi ƙarko. Ƙasar na hannun soja, kasuwar kaset ɗin bidiyo ta buɗe, kuma Jos ba ta da yawan masu kuɗi da manyan kamfanonin da ke Legas. Shekara huɗu bayan haka garin ya faɗa cikin rikicin da ya raba unguwanninsa.

Duk da haka ƙungiyar ta shafe fiye da shekara ashirin tana hawa dandamali, ta kafa bikin wasan kwaikwayo da ya yi suna a faɗin ƙasar, ta kuma horar da matasa masu yawa. A tsawon wannan lokaci an kafa ƙungiyoyi irinta a garuruwa da dama, an kuma manta da su.

Tarihin nata ya dace a waiwaye shi yanzu. Har gobe matasa a Kano da Kaduna da Zariya da Bauchi da Sakkwato na haɗa ƙungiyoyin wasa a makarantu da unguwanni, su yi wasa ɗaya ko biyu su watse. Sannan tallafin ƙasashen waje, wanda ƙungiyoyi irin ta Jos suka jingina da shi, yana ja da baya. Mene ne ke sa ƙaramar ƙungiya ta girma a garin da ba Legas ba, ba Abuja ba?

Lokacin da kowa ke barin dandamali

Kafin a fahimci abin da aka yi a Jos, sai an san halin da wasan daɓe ya shiga kafin 1997.

A kudancin ƙasar, Hubert Ogunde ya fara ƙungiyarsa a tsakiyar shekarun 1940, ya mayar da wasa sana'ar da ake ci da ita. Yakan ɗora 'yan wasa da kaya a mota su bi gari-gari, har zuwa Arewa. A Jos ma hukumar mulkin mallaka ta taɓa gurfanar da shi a 1946 kan wasansa da ya taɓo yajin aikin ma'aikata na 1945. Zuwa farkon shekarun 1980, ƙungiyoyin Yarabawa masu yawo irin nasa sun kai ɗari ko fiye.

Kafin shekara goma ta cika yawancinsu sun daina yawo. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa mota da mai da masauki sun fi ƙarfin kuɗin ƙofa. Da bidiyo ya zo, sai 'yan wasan suka koma can.

A ƙasar Hausa ma haka labarin yake. Wasan daɓe ya yi tashe a makarantu da kulob-kulob na matasa. An rubuta wasanni irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Rediyo da talabijin na Kaduna sun ɗauki fitattun 'yan wasa irin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kuma, malamai da ɗalibai sun riƙa kai wasa ƙauyuka tun tsakiyar shekarun 1970 don tattauna matsalolin manoma.

Sai a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na bidiyo na farko da aka kai kasuwa. Daga nan ƙungiyoyin wasa na Kano suka riƙa rikiɗa zuwa kamfanonin fim. Kannywood ta ci gajiyar 'yan wasan da dandamali ya raina, amma shi dandamalin bai samu magada ba.

Ba laifin kowa ba ne. Fim ana yin sa sau ɗaya a sayar sau dubu. Wasan daɓe kuwa duk ranar da za a nuna shi sai kowa ya zo da kansa.

Me ya sa Jos?

Zaɓen Jos ba kasada ba ce zalla. Garin na da abin da garuruwa da yawa masu girmansa ba su da shi, wato tarin mutanen da suka san aikin.

Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana Jos, tare da makarantarta ta koyar da aikin fim. Kwalejin talabijin ta NTA ma tana nan. Jami'ar Jos na da sashen nazarin wasan kwaikwayo da ke yaye ɗalibai kowace shekara. A yankin aka ɗauki Cock Crow at Dawn, shirin talabijin da ya karaɗe ƙasar a farkon shekarun 1980. Har a Kannywood akwai fitattun da Jos ta haifa, irin su Sani Mu'azu da Nafisa Abdullahi.

Haƙar kuza ta tara ƙabilu daga ko'ina a garin tun zamanin Turawa. Saboda haka akwai 'yan kallo masu jin Ingilishi da Hausa da Turancin buroka, akwai makarantu da yawa, kuma rayuwa ta fi ta Legas sauƙi. Ɗan wasan da ba shi da albashi zai fi jure zama a Jos. Ga kuma Abuja, inda ofisoshin jakadanci da manyan otal-otal suke, tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.

Wannan shi ne darasi na farko. Ƙungiya ba ta tsiro a fili fetal. Tana buƙatar wurin da ake yaye 'yan wasa, da kuma kasuwa a kusa da za ta riƙa kai hajarta.

Abin da suka yi daban

Oteh ya yi karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ibadan. Amma abin da ya bambanta ƙungiyarsa bai tsaya a kan dandamali ba, ya fi yawa a ofis.

Na farko, an tsara ta a matsayin ƙungiya mai zaman kanta wadda ba riba take nema ba. Ma'ana tana da suna a hukumance, tana iya sa hannu a yarjejeniya, ta karɓi tallafi, ta bayar da bahasin yadda ta kashe shi. Ƙungiyoyin unguwa da yawa ba su taɓa kaiwa wannan mataki ba. Kuɗinsu na aljihun shugaba, kuma ranar da aka saɓa kan rabon kuɗin ƙofa, ranar ce ƙungiya ke mutuwa.

Na biyu, kalmar da ke tsakiyar sunanta na nufin ƙungiyar da ke da rumbun wasanni. Ba a yin wasa sau ɗaya a jefar. Ana ajiye shi, da kayan sawarsa da 'yan wasan da suka haddace shi, a sake fito da shi idan an samu gayyata. Wahalar makonnin bita ba ta tafiya a dare ɗaya.

Na uku, ba ta tsaya da ƙafa ɗaya ba. Tana nuna rubutattun wasanni na marubutan gida da na waje ga masu sayen tikiti. Tana yin wasannin faɗakarwa a cikin al'umma kan batutuwa irin su cutar ƙanjamau da zaman lafiya, wanda ƙungiyoyin agaji ke biya. Tana kuma horar da sababbin 'yan wasa. Idan ƙafa ɗaya ta yi rauni, sauran su riƙe.

Na huɗu, kuma mafi tasiri, shi ne bikin wasan kwaikwayo na Jos da ta fara a 2004, da tallafin gidauniyar Ford ta Amurka. Kwanaki ake yi a jere ana nuna wasa kowace yamma, da rana kuma a yi tarukan horo kan ba da umarni da tafiyar da harkar fasaha. An daɗe ana yin sa a harabar cibiyar Alliance Française ta Jos.

Biki na yi wa ƙaramar ƙungiya abin da wasa guda ba zai yi ba. Yana ba 'yan kallo lokacin da za su sa rai da shi. Yana ba 'yan jarida dalilin zuwa daga Legas da Abuja. Yana ba sabon marubuci ranar da dole ya kammala rubutunsa, ya ba sabon darakta damar gwada hannunsa. Mai ba da tallafi kuma ya ga abin da zai nuna a rahotonsa.

Wasa a garin da ya rabu

A watan Satumban 2001 rikici ya ɓarke a Jos, aka kashe ɗaruruwan mutane cikin 'yan kwanaki. A 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone. A 2004, shekarar da aka fara bikin, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a jihar Filato bayan kashe-kashen Yelwan Shendam. An sake yin rikici a Nuwamban 2008 da Janairun 2010, sannan bama-bamai suka biyo baya, ciki har da na watan Mayun 2014 a Terminus wanda ya hallaka fiye da mutum 100.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa wasan daɓe kai tsaye. Wasan daɓe harkar yamma ce da dare, kuma dokar hana fita na kashe dare. Harka ce ta tara jama'a wuri guda, a lokacin da mutane ke gudun taro. Da aka hana acaɓa a cikin garin, komawa gida bayan magariba ta ƙara wuya ga wanda ba shi da mota.

Mafi muni, garin ya rabu. Musulmi suka tattara a wasu unguwanni, Kirista a wasu. Akwai matasan da suka girma ba su taɓa shiga unguwar da ke da tazarar tafiyar minti goma daga gidansu ba.

Bikin bai tsira daga wannan ba, domin akwai shekarun da ba a yi shi ba. Amma ya riƙa dawowa. Kuma halin da garin ya shiga ya ba shi wata ma'ana da ba ta cikin lissafin farko: zauren wasa ya zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da mutane daga ɓangarori daban-daban za su zauna kusa da juna ba don siyasa ko cinikin kasuwa ba.

Bai kamata a zuzuta wannan fiye da kima ba. Wasan kwaikwayo bai hana rikici a Filato ba, kuma har yanzu ana kashe mutane a ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Riyom. Abin da ya iya yi ƙarami ne: ya riƙe wata ƙofa a buɗe lokacin da sauran ke rufewa.

Lissafin da ba ya fita

Duk mai son kafa ƙungiya ya kamata ya fara da alƙalami da takarda.

Mu ƙaddara zauren da aka samu na cin mutum 200, tikiti kuma naira 2,000. Idan ya cika maƙil, an samu naira 400,000. Daga ciki za a biya hayar zaure, da man janareta, da hayar fitilu da lasifika, da ɗinkin kayan sawa, da katako da fenti na kayan dandamali, da talla. Sannan ga kuɗin mota da abincin 'yan wasa goma ko goma sha biyar na tsawon makonni huɗu zuwa shida na bita. Kafin a zo kan ladan ɗan wasa, kuɗin sun ƙare. Kuma ba kullum zaure ke cika ba.

Wannan ba matsalar Najeriya ba ce ita kaɗai. Tun 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, suka bayyana dalilin. Masana'anta na iya sayen sabon inji ta ninka abin da take samarwa da ma'aikata kaɗan. Wasan da aka rubuta wa mutum goma kuwa, yau ma mutum goma yake buƙata, kuma sa'a biyunsa ba za su koma ɗaya ba. Tsadar rayuwa na hawa, amma abin da ɗan wasa ke iya samarwa a dare ɗaya yana nan yadda yake.

Shi ya sa ko a ƙasashe masu arziki kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe yawancin gidajen wasa. A Jamus gwamnatocin birane da jihohi ne ke ɗaukar kaso mafi girma. A Ingila akwai majalisar fasaha da ke raba kuɗin gwamnati da na cacar ƙasa. A Amurka attajirai da gidauniyoyi ne ke cike giɓin.

A Najeriya giɓin ya ƙara faɗi tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira. Duk abin da wasa ke buƙata ya yi tsada, ɗan kallo kuma ya fara lissafin kuɗin mota kafin na tikiti.

Kuɗin baƙo da sharuɗɗansa

Ƙungiyar Jos ta cike nata giɓin ne galibi da tallafin waje. Bayan gidauniyar Ford, ofishin jakadancin Amurka ya daɗe yana tallafa wa bikin. Ta kuma yi aiki da ofisoshin jakadancin wasu ƙasashen Turai, irin su Sifaniya da Jamhuriyar Czech, tare da ɗan abin da wasu kamfanonin cikin gari ke bayarwa.

Amfanin a fili yake. Ba don wannan tallafi ba, da wuya bikin ya kai shekara ta biyu. Ya sa tikiti bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Ya ba 'yan kallon Jos damar ganin wasannin Arthur Miller da August Wilson na Amurka, da Vaclav Havel na Czech, a gefen na marubutan Najeriya. Ya kuma tilasta wa ƙungiyar koyon riƙe lissafi da cika alƙawari a kan lokaci.

Amma kowane tallafi da igiyarsa. Ofishin jakadanci na kashe kuɗi ne don a san al'adun ƙasarsa, saboda haka wasan ƙasarsa zai so a nuna. Ƙungiyar agaji na biya ne don saƙonta ya isa, ko na rigakafi ne ko na zaɓe. Babu laifi a ɗayansu. Matsalar tana zuwa ne idan ya zama duk abin da ƙungiya za ta yi sai ta fara tambayar wa zai biya, kafin ta tambayi me mutanen garinta ke son gani.

Haɗari na biyu shi ne tallafin na iya tsayawa ba tare da laifinka ba. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙetare, daga baya ta rushe hukumar USAID. Birtaniya da wasu ƙasashen Turai su ma sun sanar da rage nasu. Idan ana rage kuɗin magani da abinci, ba a sa ran na wasan kwaikwayo ya tsira. Ƙungiyar da za a kafa yau ba za ta samu ƙofofin da ta Jos ta samu a buɗe a 2004 ba.

Haɗari na uku na cikin gida ne. Yawancin ƙungiyoyin fasaha a Najeriya na rataye ne a wuyan mutum ɗaya. Shi ya san masu tallafi, shi ke rubuta takardar neman kuɗi, shi ke ba da umarni. Ƙungiyar Ogunde, duk da girmanta, ba ta ci gaba da tashenta ba bayan rasuwarsa a 1990. Gwajin gaskiya na kowace ƙungiya shi ne ko za ta iya ɗaga labule ranar da wanda ya kafa ta ba ya nan.

Ina 'yan kallon Hausa?

Akwai wani giɓi da ya shafi mai karanta wannan kai tsaye. Akasarin wasannin da ake nunawa a manyan bukukuwan wasan daɓe na Najeriya, har da na Jos, da Ingilishi ake yin su, wani lokaci a surka da buroka. Wannan na jawo ɗalibai da malamai da ma'aikata. Amma Hausa ce harshen kasuwa da tasha a Jos da mafi yawan garuruwan Arewa.

Ba a rasa masu son wasa da Hausa ba. Duk watan azumi yara na fita tashe, manya na ba su sadaka suna dariya. Miliyoyin mutane na bin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da Arewa24, da gajerun barkwanci a TikTok. Abin da aka rasa shi ne al'adar sayen tikiti a je a zauna a kalli mutum a gabanka.

Dalilan sun haɗa da rashin wurin da magidanci zai yarda ya kai iyalinsa. Tsofaffin gidajen silima na Arewa sun yi ƙaurin suna, da yawa kuma sun koma shaguna ko wuraren taro. Akwai kuma kallon da wasu ke yi wa sana'ar, musamman ga mata. A Kano, tun 2001 akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i, kuma duk mai shirya wasa a bainar jama'a dole ya yi la'akari da dokokinta da na Hisbah.

Jamhuriyar Nijar ta nuna abin da wuri ke iya yi. A shekarun 1970 da 1980, gidajen matasa da al'adu da gwamnati ta gina a garuruwa, tare da gasar matasa ta ƙasa da ake yi, sun sa wasan daɓe na Hausa ya bunƙasa. Daga Damagaram ƙungiyar su Yazi Dogo ta yi suna a duk ƙasar. Da hannun gwamnati ya yi sanyi, harkar ita ma ta yi sanyi. Wanda ya jingina da gwamnati kaɗai da wanda ya jingina da baƙo kaɗai, matsalarsu ɗaya ce.

Legas ta samu hanya, amma tata ce

Masu cewa wasan daɓe ya farfaɗo a Najeriya yawanci Legas suke nufi. A can Bolanle Austen-Peters ta fara manyan wasanni masu kiɗa da rawa da Saro a 2013, ta buɗe zaure mai cin mutum kusan 400 a Terra Kulture a 2017, ta kai wasanninta har Landan. Bankuna da kamfanonin sadarwa na ɗaukar nauyi, kuma akwai masu iya sayen tikiti mai tsada, musamman a watan Disamba.

A can ne kuma kwamitin shugabannin bankuna ya kashe biliyoyin naira wajen gyara babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka sauya wa suna zuwa na Wole Soyinka.

Wannan abin farin ciki ne, amma ba samfurin da Gombe ko Katsina za su kwafa ba ne. Hedikwatar bankunan na Legas, kuma a can masu yanke shawarar kuɗin talla suke zaune. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira a 2023 ƙarƙashin Hannatu Musawa. Ma'aunin da za a auna ta da shi a wannan fanni shi ne ko ƙungiya mai mutum goma sha biyu a Jos ko Zariya za ta iya neman ƙaramin tallafi ta hanyar da kowa ya sani, ta samu ba tare da ta san wani ba.

Jihohi ma na da abin yi da bai kai gina sabon gini tsada ba. Kusan kowace jiha na da hukumar al'adu, da yawa kuma na da zaure ko fili. Yawancin lokaci ana buɗe su ne don bikin aure ko taron siyasa, 'yan rawar gwamnati kuma su fito idan an yi baƙo. Ba wa ƙungiya mai rajista zauren kyauta kwana biyu a wata, da wuta, zai rage mata babban kaso na kuɗin da take kashewa.

Abin da sabuwar ƙungiya za ta ɗauka

Daga tarihin Jos, da na waɗanda suka watse, ana iya fitar da wasu abubuwa.

A fara da wuri da rana. Ƙaramin zauren makaranta da ake wasa a cikinsa Asabar ɗin farko ta kowane wata ya fi babban otal sau ɗaya a shekara. Ɗan kallo sabo yake yi, kuma ba ya sabawa da abin da bai san ranarsa ba.

A duba agogon gari. Inda mutane ke tsoron dare, ko mata ba sa fita bayan magariba, wasan da aka fara bayan la'asar aka gama kafin duhu zai fi samun iyalai. Yana kuma rage kuɗin fitila da janareta.

A nemi makarantu. Ɗaliban adabi na karanta wasanni don jarrabawar WAEC da NECO, na Ingilishi da na Hausa, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin ko ɗaya a dandamali ba. Makaranta na iya biyan kuɗi kaɗan a kan kowane ɗalibi, kuma waɗannan ɗalibai su ne masu sayen tikitin shekara goma masu zuwa.

A yi wasan da aljihu zai ɗauka. Wasa mai mutum huɗu da tabarma da kujera biyu na iya shiga mota ɗaya ya je garuruwa biyar. Mai mutum talatin da dawakai zai mutu a daren farko.

A rubuta komai. Rajista, asusun banki da sunan ƙungiya, da yarjejeniyar rabon kuɗi tun kafin a sayar da tikitin farko. A kuma raba aiki, ta yadda mai ba da umarni ba shi ne ma'aji ba.

A mayar da waya abokiyar aiki. Gajeren yanki na wasa a TikTok ko Facebook talla ne da ba a biya ba. Lambobin waɗanda suka zo kallo, idan sun yarda aka tattara, sun fi kowace fosta amfani a wasa na gaba.

A karɓi tallafi idan ya zo, amma a gina abin da zai rage bayan ya tafi: fitilu, kayan sawa, horarrun mutane, da 'yan kallon da suka saba biya ko da kaɗan ne. Wanda aka saba ba shi kyauta, ranar da aka ce ya biya ba zai zo ba.

Ƙungiyar Jos ta tabbatar da cewa ana iya riƙe wasan daɓe na shekaru masu yawa a wajen Legas, har a garin da ke fama da rikici, idan akwai tsari da naci. Abin da ba a tabbatar ba tukuna, a Jos ko a wani gari na Arewa, shi ne ko mutanen gari da 'yan kasuwarsa da gwamnatinsa za su ɗauki nauyin da baƙi suka daɗe suna ɗauka. Ƙungiyoyin da ke tasowa yanzu ba su da zaɓin kauce wa wannan tambaya, domin da ita za su fara.